Gundumar Marion ta jihar Alabama: Afrilu huɗu da guguwa ta sauka

Tambaya: Malam, na ga a labarai yadda guguwa ta share wani ƙauye a Amurka, ko bango ɗaya bai rage a tsaye ba. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, ƙasa mai na'urori da dukiya haka, me ya sa har yau iska take kashe mata mutanen karkara? Kuma da gaske ne akwai garuruwan da take komawa musu a kai a kai, kamar ta san hanya?

Amsa: Ɗan'uwa, tambayarka ta fi amsuwa idan muka tsaya a wuri guda muka bi tarihinsa, maimakon mu yi ta shawagi a Amurka baki ɗaya. Wurin da nakan ɗauka idan ina koyar da wannan darasi shi ne gundumar Marion, a arewa maso yammacin jihar Alabama, kan iyaka da jihar Misisipi. Gunduma a can daidai take da ƙaramar hukuma a nan. Mutanen Marion ba su wuce dubu 30 ba, a warwatse cikin tuddai da dazuzzuka masu faɗin kusan murabba'in kilomita 1,900. Hedikwatarta Hamilton, sai ƙananan garuruwa irin su Winfield da Guin da Hackleburg. Abincinsu kiwon kaji da shanu, saran katako, da 'yan masana'antu. A cikin shekara ɗari da 'yan kai da suka wuce, guguwa mai kisa ta auka wa wannan gunduma a 1920 da 1943 da 1974 da 2011, kuma duk huɗun a watan Afrilu.

Kafin tarihin, mu rarrabe iskokin, domin kalmar guguwa tana ɗauke da abubuwa da yawa a bakinmu. Wadda muke gani da rani tana wulwula leda da kara a bayan gari, zafin ƙasa ne ke haifar da ita, sama kuwa garau, kuma ba ta jimawa. Iskar farkon damina da ke yaye kwanon gidaje da makarantu ita ma daban ce, miƙe take tafiya a gaban hadari, tana turo komai gefe guda. Wadda ta taso daga teku ta kwana tana dukan gaɓa, ita ma wata ce. Wadda kake tambaya a kanta, da Amurkawa ke kira tonado, daga cikin hadari take saukowa, hadarin da shi kansa yake juyawa kamar dutsen niƙa. Ana samun kusan 1,200 a Amurka duk shekara, yawancinsu marasa ƙarfi. 'Yan kaɗan daga ciki ne ke ɗaukar mafi yawan rayuka.

Dalilin Afrilu shi ne, a wannan watan iska mai ɗumi da laima takan kwararo arewa daga tekun Meksiko, tana bin ƙasa-ƙasa. A samanta akwai busasshiyar iska daga yamma, can ƙololuwa kuma sanyin hunturu bai gama janyewa ba, ga wata iska mai tsananin gudu tana ratsawa. To idan iskar ƙasa tana fitowa daga kudu, ta sama kuma daga yamma da gudun da ya ninka nata, sai iskar da ke tsakaninsu ta riƙa mirginawa kamar tabarmar da ake naɗewa. Da hadari ya haɗu, iskar da ke hawa cikinsa sai ta ɗaga wannan naɗin ta tsayar da shi. Daga nan hadarin ya zama mai juyi, kuma zai iya rayuwa awa uku ko huɗu yana tafiya, yana sauke guguwa yana ɗaukewa. Arewacin Alabama da Misisipi suna daidai inda waɗannan iskoki suka fi gamuwa a ƙarshen Maris da Afrilu.

Ta ranar 20 ga Afrilu, 1920, daga gabashin Misisipi ta taso da safe, ta bi ta garin Aberdeen, ta tsallako Alabama ta ratsa Marion da gundumomin da ke arewa maso gabas da ita. Ta yi tafiyar fiye da kilomita 200 ta kashe mutum 88, kusan 20 daga cikinsu a Marion. Manoman auduga ne a gidajen katako, babu rediyo, babu wanda zai gaya musu komai. Sanarwarsu ita ce duhun sama da rugugi. Ranar 12 ga Afrilu, 1943, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, wata ta faɗa wa Hackleburg ta rushe gidaje da shaguna masu yawa, mutum 4 suka mutu.

Akwai abin da mutane ke mamaki idan na faɗa: a waɗancan shekarun hukumar yanayi ta Amurka ba ta yarda ma'aikatanta su ambaci kalmar tonado a hasashen da suke fitarwa ba, don gudun kada jama'a su firgita. Sai a 1948 wasu hafsoshin sojan sama biyu, Fawbush da Miller, suka yi hasashen farko da ya tabbata a sansanin Tinker na jihar Oklahoma, kuma sai a 1952 aka fara yi wa jama'a irin wannan hasashe a fili. Ke nan mutanen 1920 da na 1943 ba su da wani gargaɗi ko na minti ɗaya.

Sai 3 ga Afrilu, 1974. A wannan yini da darensa guguwa 148 suka sauka a jihohi 13, suka kashe mutum fiye da 300. Rabon Marion ya zo da misalin ƙarfe 9 na dare, a garin Guin mai mutum dubu biyu da 'yan kai. Guguwar ta sauka a kusa da Vernon a gundumar Lamar da ke kudu, ta nufo arewa maso gabas da gudun da ya kai kilomita 120 a awa. A lura, wannan gudun tafiyarta ne a doron ƙasa, ba gudun iskar da ke cikinta ba. Motar da ke sheƙa gudu a kan kwalta ke nan, cikin dare, ba fitila. Wanda ya ji ƙararta yana da daƙiƙoƙi ne kawai. Mutum fiye da 20 suka mutu a Guin. Masu binciken da suka zo bayanta sun tarar da gidajen bulo an share su har ƙasa, wasu wuraren ma dandamalin simintin ya gusa daga mazauninsa. Da ta bar garin ta shiga dajin gwamnati na Bankhead ta kwantar da itatuwa a jere, har tauraron ɗan'adam ya ɗauko hoton tabon daga sama. Tetsuya Fujita, masanin nan ɗan asalin Jafan na jami'ar Chicago wanda ya fito da ma'aunin ƙarfin guguwa a 1971, shi da ɗalibansa suka zana taswirar hanyoyin guguwowin wannan rana, kuma ta Guin ta samu F5, matakin ƙoli.

A 1974 akwai rada, na'urar hango hadari daga nesa, akwai talabijin, an kuma yi gargaɗi. Amma radar wancan zamani, ruwa kawai take gani. Ma'aikaci yakan duba ko hoton hadarin ya yi lanƙwasa kamar ƙugiya, daga nan ya yi zato. Radar da ke auna motsin iska a cikin hadari sai a shekarun 1990 aka baza ta a ƙasar.

Wannan ya kawo mu 27 ga Afrilu, 2011, ranar da ta fi dacewa da tambayarka, domin a ranar babu abin da kimiyya ta rasa. Cibiyar hasashen hadari da ke Norman a Oklahoma ta hango abin tun kwanaki kafin ya zo, ta kuma sa arewacin Alabama a matakin haɗari mafi girma. Gidajen talabijin suna ta faɗa. Sai dai tun kafin gari ya waye wani jerin hadari ya riga ya ratsa jihar, ya karya itatuwa da turakun lantarki, ya bar dubban ɗaruruwan mutane ba wuta. Wasu tashoshin rediyon gargaɗi ma sun mutu. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai a tarihin ranar. An yi gargaɗi mafi kyau da aka taɓa yi, a daidai lokacin da talabijin ɗin mutanen karkara da yawa yake a kashe, wasunsu suna waje suna yankan itacen da ya faɗa musu da safe, suna zaton abin ya wuce.

Da ƙarfe 3 da 'yan mintoci na yamma guguwa ta sauka a kudu maso yammacin Hamilton. Kafin kwata ɗin awa ta cika ta isa Hackleburg, gari mai mutum kusan 1,500, tana bin babbar hanya mai lamba 43. An ƙiyasta iskar da ke cikinta ta kai kilomita 340 a awa. Kusan kashi uku cikin huɗu na garin ya tafi, mutum 18 suka mutu. Makarantar firamare da ta sakandare suka rushe, Allah ya sa babu ɗalibai a ciki. Babban kantin abinci na garin ya tafi. Rumbun kamfanin Wrangler, inda ake tara wandunan jins ana rarrabawa, wanda shi ne ya fi kowa ɗaukar ma'aikata a garin da mutum kusan 150, ya zama tarin ƙarafa, aka riƙa tsintar wandunan a gonakin da ke da nisan kilomitoci da dama. Daga nan ta wuce Phil Campbell a gundumar Franklin ta kashe mutum fiye da 20, ta ratsa Lawrence da Limestone da Madison, ta kai har cikin jihar Tennessee. Tafiyar kilomita 212, faɗinta a wasu wurare kilomita 2, rayuka kusan 72. A hanya ta kayar da manyan turakun lantarki, har tashar lantarki ta nukiliya ta Browns Ferry ta kashe injinanta uku ta koma kan janareto, arewacin Alabama ya yi kwanaki cikin duhu.

Ba a gama fito da mutane daga ɓaraguzan Hackleburg ba, wata guguwar da ta share garin Smithville na Misisipi, ita ma mai matakin ƙoli, ta tsallako iyaka ta shiga arewa maso yammacin Marion ta kashe mutum 7 a yankin Shottsville. Ƙaramar gunduma ɗaya, guguwa biyu daga cikin mafiya ƙarfi da aka taɓa rubutawa, cikin awa guda. A jihar Alabama kaɗai guguwa 62 suka sauka a ranar, mutum kusan 250 suka rasu.

To me ya sa? Abu na farko kuma mafi nauyi shi ne gida. Gargaɗi yana da amfani ne ga wanda yake da wurin gudu. A karkarar kudancin Amurka mutane da yawa suna zaune a gidajen tirela, waɗanda ake ƙerawa a masana'anta a jawo su da mota a ɗora kan bulo. Suna da araha, shi ya sa talaka da tsoho mai cin fansho suke sayensu, kuma a wannan yanki na Alabama ma ake ƙera da yawa daga cikinsu. Matsakaiciyar guguwa tana iya mirgina irin wannan gida da mutanen da ke ciki. Hukumar yanayi ta ƙasar takan ce haɗarin mutuwa a gidan tirela ya ninka na ginannen gida sau 15 zuwa 20. Ginannun gidajen ma galibi katako ne aka yi wa rigar bulo, kuma masu bincike sun sha tarar da cewa ƙusa kawai ta riƙe katakon da dandamali, ba a ɗaure shi da noti ba. A karkara sau da yawa babu jami'in da ke zuwa duba gini. Ɗakin ƙarƙashin ƙasa kuwa, wanda ya zama ruwan dare a jihohin arewa saboda sanyi yana tilasta musu haƙa harsashi mai zurfi, a kudu bai yawaita ba. Shawarar da aka saba bayarwa, a shiga ɗakin tsakiya ko banɗaki a kwanta, tana ceton rai a yawancin guguwa. A irin ta Hackleburg akwai waɗanda suka bi shawarar daidai, gidan ya tashi da su gaba ɗaya.

Idan kana son ganin nauyin wannan batu, dubi Bangaladash. Ranar 26 ga Afrilu, 1989, guguwa ɗaya ta kashe mutum kusan 1,300 a yankin Daulatpur da Saturia, adadin da babu wata a Amurka da ta taɓa kaiwa. Gidajen kwano da gora ne cike da jama'a, kwanon kuma ya zama wuƙa a cikin iska.

Na biyu shi ne ba a ganinta. A Kansas ko Oklahoma fili ne shimfiɗe, iska a bushe, ana hango guguwa daga nesa. A Marion tuddai ne da dogayen itatuwa, gajimare yana ƙasa-ƙasa, kuma sau da yawa ruwan sama ya lulluɓe guguwar, abin da mutum zai gani kawai baƙin bango ne yana matsowa. Ga kuma dare. Binciken Walker Ashley na jami'ar Northern Illinois ya nuna guguwar dare ta fi ta rana yiwuwar kisa fiye da ninki biyu, kuma jihohin kudu maso gabas sun fi sauran samun ta dare. Jiniyar gargaɗi an yi ta ne don wanda yake waje. A ƙauyen da gidaje ke da tazarar kilomita guda, mai barci da taga a rufe ba zai ji ta ba.

Akwai kuma halin ɗan'adam, wanda ban ga laifin kowa a kai ba. Mafi yawan gargaɗin da ake yi ba ya ƙarewa da guguwa a ƙofar wanda ya ji shi. Mutumin da aka tayar sau goma bai ga komai ba, a na sha ɗaya sai ya leƙa waje tukuna, ko ya buga wa ɗan'uwansa waya ya ji. Tsakanin gargaɗi da isowar guguwa yawanci minti goma sha wani abu ne, leƙen nan da wayar nan suna cinye rabinsu.

Game da ko ta san hanya: iska ba ta da tunani, kuma faɗin guguwa ƙanƙane ne idan aka gwada da faɗin gunduma, shi ya sa gida ɗaya zai iya yin shekara ɗari a Marion ba ta taɓa shi ba. Abin da ke maimaituwa shi ne yanayin da ke haifar da ita da kuma alƙiblar tafiyarta. Kusan dukansu daga kudu maso yamma suke nufar arewa maso gabas, saboda iskar sama ce ke jan hadarin. Idan ka shimfiɗa taswirar 1920 da 1974 da 2011 a kan juna, za ka ga layuka suna kwance gefe da gefe kamar kunyoyin gona. Wani lokacin sukan hau kan juna. Ƙauyen Tanner a gundumar Limestone ya sha guguwa biyu masu tsanani a daren 1974, tazarar kusan rabin awa, ta biyun ta samu masu ceto suna aikin ta farkon. A 2011 kuma wadda ta fito daga Hackleburg ta sake bi ta kansa. Ni abin da nake ganin ya fi cutar da mutane shi ne tazarar shekarun. Daga 1920 zuwa 1943 shekara 23, zuwa 1974 shekara 31, zuwa 2011 shekara 37. Kafin ta dawo, waɗanda suka haƙa ramin ɓuya a bayan gida sun tsufa, ramin ya cika da ruwa da macizai, jikoki sun kafa tirela a filin.

Wani abu da ya kamata mai karanta tarihin karkara ya sani: ma'aunin Fujita, da sabon da ya maye gurbinsa a 2007 wanda ake rubutawa EF0 zuwa EF5, ba iska yake aunawa kai tsaye ba. Ɓarna ake dubawa, daga ita a ƙiyasta gudun iska. Guguwar da ta bi ta gona da daji ba ta samu ginin kirki ta rusa ba, sai a ba ta ƙaramin mataki ko da ƙarfinta ya kai na ƙoli. Ta El Reno a Oklahoma a 2013 ta yi faɗin kilomita 4 da 'yan kai, radar da ke kusa ta auna iska mai gudun kusan kilomita 480 a awa, amma EF3 aka ba ta saboda fili ta fi bi. Don haka kundin kowace gundumar karkara yana rage mata. Tsofaffin shekaru sun fi muni, domin guguwar da ba ta kashe kowa ba sau da yawa ko jarida ba ta shiga. Wanda ya ga adadi ya ƙaru bayan 1990 kada ya yi saurin cewa guguwa ce ta ƙaru, yawancin ƙarin ƙananan da a da ba a ƙirgawa ne.

Haka lissafin asara da dala yake rage wa karkara. Guguwar birnin Tuscaloosa na Alabama ta ranar 27 ga Afrilu, 2011, ta fi shiga labarai saboda birni ne mai jami'a, alhali ta Hackleburg ta fi ta kisa. Birni idan ya rasa unguwa, sauran unguwanni suna ɗaukar nauyinta. Hackleburg makaranta ɗaya gare shi, babban kanti ɗaya, babban wurin aiki ɗaya, duk suka tafi cikin minti biyu, tare da harajin da hukumar garin za ta yi gyara da shi. Mai kiwon kaji da ya ci bashin banki ya gina dogayen ɗakunan kaji ya wayi gari ba ɗakuna ba kaji, bashin yana nan. Miliyoyin kaji suka mutu a jihar a ranar. Mai dajin katako da ya yi shekara ashirin yana jiran itatuwansa su isa sara ya same su a karairaye, kuma karyayyen itace ba ya kuɗi. Da yawa ba su da inshora ko kuma wadda suke da ita ba ta isa ba. Abin da mutanen garin suka fi tsoro shi ne kamfanin wandon ya ɗauke aikinsa ya kai wani wuri, domin da ya tafi da iyalai sun bi shi. Kamfanin ya yanke shawarar sake ginawa a nan, aka buɗe sabon rumbun a 2013, aka kuma gina sabuwar makaranta.

Bayan 2011 an sauya abubuwa, kuma sauyin da na fi yarda da shi ba na rada ba ne. Da tallafin hukumar agajin gaggawa ta tarayya aka kakkafa mafakar jama'a a ƙauyukan Alabama, ɗakunan ƙarfe ko kankare da aka ɗaure da ƙasa, kowanne yana ɗaukar mutum gommai, galibi kusa da ofishin 'yan kwana-kwana ko coci. Daga 2012 wayoyin hannu suka fara karɓar gargaɗi kai tsaye da ƙara mai tayar da mai barci. Masu bincike a jami'ar Alabama da ke Birmingham, da suka ga yawan waɗanda raunin kai ya kashe, suka ba da shawarar a riƙa sa hular kwano, ko ta babur ce ko ta wasan yara, yanzu kuma masu hasashe a talabijin suna faɗar haka duk lokacin da hadari ya taso. Ana kuma gaya wa mazauna tirela su bar gida tun lokacin da aka ce a yi hattara, kada su jira gargaɗin ƙarshe.

Inda har yanzu aikin bai kai ba shi ne tsohuwar da ke zaune ita kaɗai a tirela a ƙarshen hanyar burji, ba ta tuƙi da dare, mafaka kuma tana da nisan kilomita goma. Idan guguwa irin ta Guin ta taso da gudunta na kilomita 120 a awa, kilomita goman nan minti biyar ne a wurinta. Shi ya sa a wasu ƙauyukan 'yan kwana-kwana na sa kai da mutanen coci suke ajiye sunayen irin waɗannan tsofaffi, su bi gida-gida su ɗauko su tun da rana.